Vilma Bánky: jarumar da Hollywood ta ɗaukaka kafin ta ji muryarta

A watan Maris na 1925 wata budurwa 'yar ƙasar Hungari mai shekara 24 ta sauka daga jirgin ruwa a birnin New York, da kwantiragin fim a hannu, amma ba ta jin Turancin da za ta yi cinikin burodi da shi. Kafin shekarar 1926 ta ƙare ta fito a manyan fina-finai huɗu, biyu tare da jarumi Rudolph Valentino, biyu tare da jarumi Ronald Colman, kuma hotonta ya cika mujallun Amurka. Zuwa 1930 Hollywood ta gama da ita, ko kuma ita ta gama da Hollywood. Bayanin da aka saba bayarwa gajere ne: wai fim mai magana ya zo, aka ji lafazinta na Hungari ya yi nauyi, shi ke nan tauraruwarta ta dushe. Wannan bayani yana da ƙamshin gaskiya, amma na daɗe ina ganin ya yi wa matar rowar adalci, domin idan aka bi lamarin daki-daki za a tarar cewa lafazin ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da suka taru a kanta, kuma ba shi ne mafi nauyi ba.

An haife ta ranar 9 ga Janairu 1901 a wani ƙaramin gari mai suna Nagydorog da ke gundumar Tolna, lokacin Hungari tana cikin daular Ostiriya da Hungari. Sunanta na yanka Vilma Koncsics. Mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun tana ƙarama iyalin suka koma Budapest, inda ta girma ta yi karatu, ta kuma koyi wasan kwaikwayo. Ta shiga sana'ar a lokacin da sana'ar kanta take rushewa a ƙasarsu. A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya harkar fim ta bunƙasa a Budapest saboda an daina shigo da fina-finan ƙasashen da ake yaƙi da su, sai kamfanonin gida suka cike gurbin. A 1919 gwamnatin kwaminis ta Béla Kun, wadda ba ta wuce kwana 133 a kan mulki ba, ta mayar da kamfanonin fim mallakar hukuma, da ta faɗi kuma waɗanda suka gaje ta suka shiga farautar duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta. A wannan ɗan tsakani ƙasar ta rasa daraktoci Alexander Korda da Mihály Kertész, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Michael Curtiz, da kuma ɗan wasa Béla Lugosi. Sai yarjejeniyar Trianon ta 4 ga Yuni 1920 ta zaftare wa Hungari kusan kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasarta, kasuwar masu kallo ta tsuke, jari ya ƙafe. Duk ɗan wasan da yake son ci da sana'arsa sai ya nufi Viyana ko Balin, kuma hanyar da Vilma ta bi ke nan. Ta yi fina-finai a Hungari da Ostiriya da Jamus, har a 1924 ta fito a Viyana tare da Max Linder, ɗan barkwancin nan na Faransa wanda Charlie Chaplin yake kira malaminsa.

Wajibi ne a tsaya a nan a fahimci yadda fim marar sauti yake aiki, domin a kansa dukan lamarin ya rataya. A wancan zamani ba a ɗaukar murya ko kaɗan. Kyamara tana juyawa da ƙararta, darakta yana tsaye a gefe yana yi wa 'yan wasa magana a daidai lokacin da ake ɗauka, yana cewa ki juyo, ki dube shi, yanzu ki sunkuyar da kai, wani lokaci kuma ga mai goge ko mai molo irin nasu a kusurwa yana kaɗa taken baƙin ciki domin hawaye su zo da sauƙi. Abin da ake so a ce an faɗa, sai a rubuta shi a kati a ɗauki hoton katin a saƙa shi a tsakanin fitowa da fitowa. Idan za a kai fim ɗin Faransa ko Jafan, sai a yanke katunan Turanci a liƙa na harshen ƙasar, kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba. Saboda haka babu ruwan kowa da yaren da jaruma take yi a gaban kyamara. Tana iya furta kalaman soyayya da harshen Hungari, abokin wasanta ya amsa da Turanci, mai kallo kuma ya karanta abin da marubucin kati ya ga dama. Wanda ya taɓa zama a silima ya bi fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe ba tare da jin kalma ɗaya ba, a shekarun da ba a fara fassara su da Hausa ba, ya san cewa fuska da motsin jiki suna iya ɗaukar labari su kai shi gida. Wannan ne ya sa Hollywood ta waɗannan shekaru take sayo fuskoki daga Turai ba tare da fargaba ba: Pola Negri daga Folan, Greta Garbo daga Suwidin, Emil Jannings daga Jamus.

Samuel Goldwyn, furodusa mai zaman kansa wanda shi ma baƙo ne haifaffen Warsaw, ya je Budapest a farkon 1925 ya rattaba hannu da ita. Iyayenta ba su so tafiyar ba, kuma akwai wanda ya yi mata baiko, amma ta tafi. Sashen talla na Goldwyn ya raɗa mata laƙabin The Hungarian Rhapsody, daga sunan shahararrun waƙoƙin piyano na Franz Liszt masu taken Hungari, kuma wannan laƙabi ya nuna abin da ake sayarwa: baƙuwa mai farin gashi daga tsohuwar Turai, mai kamun kai irin na 'ya'yan sarauta. Fim ɗinta na farko a Amurka, The Dark Angel na 1925 wanda George Fitzmaurice ya ba da umarni, labarin sojan Ingila ne da ya makance a yaƙi ya ɓoye wa masoyiyarsa don kada ta aure shi saboda tausayi. Ya samu karɓuwa ƙwarai, kuma shi ne ya haɗa ta da Colman. Baƙuwar da ba ta jin Turanci ta fito a matsayin Baturiyar Ingila, babu wanda ya ga aibin hakan.

Daga nan Goldwyn ya ba da aronta ga masu shirya fina-finan Valentino. A The Eagle, wanda Clarence Brown ya ba da umarni a 1925 aka kuma gina shi a kan wani labarin marubucin Rasha Pushkin, ta fito a matsayin Mascha, 'yar mutumin da ya ƙwace wa mahaifin jarumin gonakinsa. Jarumin ya shiga gidan da sunan malamin Faransanci domin ɗaukar fansa, sai soyayya ta ɗaure masa hannu. Wannan fim yana nan har yanzu, kuma duk mai son sanin ko Vilma ta iya wasa ko kyau kawai gare ta, nan ya kamata ya duba. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin motsinta. A zamanin da 'yan wasa da yawa suke dafe ƙirji suna zare ido don na kujerar baya ya gane, ita tana barin shakka ta bayyana a hankali, ta ɗan karkatar da kai, ta kalli malamin da gefen ido kamar mai lissafi, har mai kallo ya gane cewa ta gano ko wane ne tun kafin kati ya faɗa. Tana kuma da raha, abin da ba a cika tunawa ba idan ana maganarta.

Fim na biyu da Valentino, The Son of the Sheik na 1926, shi ne ya fi fice, kuma shi ne ya fi buƙatar a yi masa kallon tsanaki. An ɗauki sassan hamada a yankin Yuma na jihar Arizona aka ce Aljeriya ce, Larabawan da ke cikinsa kuma ƙirƙirar Hollywood ne, masu rawani da wuƙa da zafin zuciya, waɗanda ba su da alaƙa da mutanen da suke zaune a wannan ƙasa. Vilma ta fito a matsayin Yasmin, mai rawa a cikin wata tawagar 'yan damfara, wadda aka yi wa ƙazafin cewa ita ta yaudari jarumin har aka kama shi aka azabtar da shi. Ya sace ta ya kai ta tantinsa, fim ɗin kuma ya nuna a fakaice cewa ya yi mata fyaɗe, sannan ya mayar da hakan ƙofar soyayya. Wannan abin ƙyama ne, kuma tsufan fim ɗin ba ya wanke shi. Amma a daidai wannan wuri kyamara ta matso har idanunta suka cika allo, tsoron da ke cikinsu kuma na gaske ne, ba na kwalliya ba, ta yadda wasanta ya ƙaryata abin da labarin yake ƙoƙarin halattawa. Valentino ya rasu a New York ranar 23 ga Agusta 1926 yana da shekara 31, bayan tiyatar gyambon ciki, sai aka saki fim ɗin a faɗin ƙasa jama'a na cikin makoki, ya tara kuɗi masu yawa. Vilma ta zama mace ta ƙarshe da aka gani a gefensa a allo, wanda ya ƙara mata suna, amma kuma ta rasa abokin wasa ɗaya daga cikin biyun da aka gina martabarta a kansu.

Saura Colman. A The Winning of Barbara Worth, shi ma na 1926, darakta Henry King ya kwashe su zuwa hamadar Black Rock ta jihar Nevada, aka gina gari guda don labarin yadda aka janyo ruwan kogin Colorado aka raya busasshiyar ƙasa, da ambaliyar da ta biyo baya; a nan ne Gary Cooper ya samu rawarsa ta farko mai nauyi. Sai The Night of Love da The Magic Flame a 1927, da Two Lovers a 1928, duka na soyayya. Fim biyar ke nan tare. A 1928 Goldwyn ya raba su, bisa lissafin cewa kowannensu ya isa ya ja kasuwa shi kaɗai, taurari biyu a fim biyu kuma sun fi taurari biyu a fim ɗaya riba. Lissafin ya yi wa Colman daidai. Ita kuwa an raba ta da abokin tafiya ana gab da shiga ruwa.

A tsakiyar wannan, ranar 26 ga Yuni 1927, ta auri ɗan wasa Rod La Rocque a wata majami'a da ke Beverly Hills. Goldwyn ne ya ɗauki nauyin bikin ya mayar da shi tallar kamfani, darakta Cecil B. DeMille ne babban abokin ango, 'yan kallo suka cika tituna. Mutane da yawa sun ɗauka auren talla ne. Ya yi shekara 42, mutuwa ce ta raba.

Wata uku da 'yan kwanaki bayan bikin, ranar 6 ga Oktoba 1927, kamfanin Warner Bros. ya saki The Jazz Singer, cikin shekara biyu kuma fim marar sauti ya zama tsohon yayi. Sauyin bai tsaya ga ƙarin murya ba, ya canza aikin ɗan wasa daga tushe. Makirufo na farko ba ya ji daga nesa, sai a ɓoye shi cikin tukunyar fure ko bayan fitila, ɗan wasa ya tsaya kusa da shi kada ya gusa. Kyamara aka kulle ta cikin wani ɗan akwati mai hana ƙara fita, ta daina yawo. Darakta ya yi shiru, mai goge ya tafi gida. Duk abin da Vilma ta ƙware a kai, wato sauraron umarni tana wasa, da sakin fuska a hankali ba tare da damuwa da kalma ba, an janye shi daga ƙarƙashinta lokaci guda, aka ce ta haddace dogayen layuka cikin harshen da ta fara koya tana da shekara 24.

Goldwyn bai yar da ita nan take ba. A This Is Heaven na 1929, wanda wani sashensa kawai ke da magana, an rubuta mata rawar baƙuwa 'yar Hungari mai toya fanke a tagar gidan abinci a New York, wadda ta so wani attajiri tana zaton direba ne. A 1930 kamfanin MGM ya sa ta a A Lady to Love ƙarƙashin darakta ɗan Suwidin Victor Sjöström, ta fito a matsayin mai kai abinci a San Francisco wadda wani manomin inabi, rawar da Edward G. Robinson ya taka, ya nemi aurenta ta wasiƙa ya aika mata hoton wani saurayi a maimakon nasa. An ɗauki fim ɗin har da Jamusanci, kamar yadda ake yi a lokacin kafin a ƙware wajen ɗora murya, ita ce kuma ta sake yin rawar. Wanda ya saurari muryarta a wannan fim zai ji lafazi mai nauyi, amma zai gane abin da take faɗa. To, ina matsalar take?

A ganina tana cikin abin da waɗannan rawa biyu suka yi wa siffarta. Masu kallo sun saba biyan kuɗi su ga gimbiya, ko 'yar babban gida, ko Baturiyar Ingila, ko 'yar Amurka ta hamada, domin shiru yana ba ta damar zama kowace ce. Da murya ta fito, sai ta zama abu ɗaya tak, baƙuwa, kuma sau biyu a jere baƙuwa mai aikin gidan abinci. Nau'in fim ɗin da ya ɗaukaka ta, soyayyar fada da takobi da dogayen riguna, shi ma ya ja baya a waɗannan shekaru, kasuwa ta koma ga fina-finan waƙa da na 'yan daba da na zance mai sauri irin na titunan New York, ga kuma karyewar kasuwar hannun jari ta Oktoba 1929 da ta sa kamfanoni suka fara duban albashin manyan taurari da idon ragi.

Kwatanci da takwarorinta yana ƙara fito da wannan. Da lafazi kaɗai ke kashe sana'a, da Garbo ba ta tsira ba, amma MGM ta yi haƙuri har 1930, ta zaɓa mata Anna Christie inda ta fito a matsayin 'yar wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Suwidin, ta kuma mayar da muryar kanta abin talla. A shekarar ce Marlene Dietrich ta iso daga Balin da nata lafazin aka karɓe ta hannu biyu. Lugosi, ɗan ƙasarsu Vilma, lafazinsa ne ma jarinsa a Dracula na 1931, ko da yake ya zame masa kurkukun da bai fita ba har mutuwa. Paul Lukas, shi ma daga Budapest, ya yi ta fama da Turanci har ya ci kyautar Oscar ta gwarzon ɗan wasa na 1943. Abin da ya haɗa yawancin waɗannan shi ne horon dandamali: Lugosi da Lukas sun shafe shekaru a gidajen wasan kwaikwayo na Hungari, Garbo ta yi makarantar gidan wasan kwaikwayo na sarauta a Stockholm, Colman ma daga dandamalin Landan ya fito, shi ya sa Bulldog Drummond na 1929 ya ƙara masa daraja. Sun san yadda ake sarrafa numfashi da ɗaga murya da sauke ta. Vilma 'yar kyamara ce tun farko, a gabanta ta koyi kusan duk abin da ta iya. A ɗaya ɓangaren kuma ga Jannings, wanda ya karɓi Oscar ta farko ta gwarzon ɗan wasa a 1929 amma ya tattara ya koma Jamus, domin can akwai babbar masana'anta mai magana da harshensa. Vilma ba ta da irin wannan gida da za ta koma, domin harkar fim ta Hungari ba ta kai girman da za ta riƙe tauraruwa irinta ba.

Akwai kuma abin da masu ba da labarin faɗuwa ba su cika son ambata ba, saboda yana rage wa labarin armashi: ita kanta ba ta nuna tana son ci gaba da kokawar ba. Tun 1928, kafin a ji muryarta a allo, ta fara faɗin cewa nan da 'yan shekaru za ta bar fim ta zauna da mijinta. Lukas ya zauna ya yaƙi harshen domin abin da yake so ke nan. Ita tana da dukiya, tana da aure mai daɗi, kuma sana'ar da ta so ta riga ta mutu. Wadda ta maye gurbinta wata sana'a ce dabam mai amfani da suna iri ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa a kira wannan faɗuwa ba tare da an saurari abin da mai abin ta faɗa ba. A farkon shekarun 1930 ta zaga biranen Amurka tare da La Rocque suna wasan dandamali, sannan ta je Turai ta yi fim ɗinta na ƙarshe, The Rebel na 1933, tare da Luis Trenker, kan tawayen mutanen Tirol na 1809 a zamanin Napoleon. Tana da shekara 32 ta rufe wannan babi.

Abin da ya fi lafazi yi mata illa a idon tarihi shi ne wuta da ruɓa. Fina-finan wancan zamani an buga su ne a kan leda mai sinadarin naitiret, wadda take kama wuta da kanta idan ta ji zafi, take kuma narkewa ta zama gari idan ta daɗe a ajiye, kamfanoni kuma ba su ga amfanin kashe kuɗi wajen adana hajar da ba ta da kasuwa ba bayan zuwan sauti. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa sauti sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 kawai suka rage a ainihin siffar da aka sake su. Aikin Vilma ya faɗa cikin wannan asara. The Awakening na 1928, fim na farko da Goldwyn ya gina a kanta ita kaɗai ƙarƙashin darakta Victor Fleming, wanda shi ne zai nuna ko tana iya ɗaukar fim ba tare da Colman ba, yana cikin waɗanda suka ɓace, haka ma yawancin abin da ta yi a Turai. Abin da ya fi yawo a hannun mutane shi ne fina-finai biyu na Valentino, waɗanda aka adana saboda shi, ba saboda ita ba, shi ya sa ake yawan tuna ta a matsayin matar da ke gefensa.

Ta rayu shekara 58 bayan fim ɗinta na ƙarshe. Ita da mijinta sun shiga harkar dillancin gidaje da filaye, ta kuma duƙufa kan wasan golf har ta zama zakarar mata a kulob ɗin Wilshire na Los Angeles. Ba su haihu ba. La Rocque ya rasu a Oktoba 1969, a 1981 kuma ta kafa gidauniyar tallafin ilimi da sunansu su biyu. Ta rasu a wani gidan kula da tsofaffi a Los Angeles ranar 18 ga Maris 1991 tana da shekara 90, aka watsa tokarta a teku inda aka watsa ta mijinta, labarin rasuwar kuma bai fito a jaridu ba sai a 1992.